Babi na Shida: Rabi Jif, Rabi Akori-Kura

Akwai wata irin mota da idon kusan duk wanda Allah ya buɗa wa a ƙasar Kazaure ke kanta: mai ƙofa huɗu da mazaunin mutum biyar, ga kuma buɗaɗɗen bodi a baya. Dillalai na ce mata dabul kabin. Sauran jama'a kuwa duk wadda suka gani Hilux ce, ko da Nissan ce ko Mitsubishi. Dalilin son ta a fili yake. Magidanci na son motar da zai kai iyali biki Daura ranar Asabar, ranar Lahadi ya ɗora mata raguna zuwa kasuwar Dambatta, ranar Litinin kuma ya shiga ofis da ita ba wanda zai ce ga motar haya ta iso. Kuɗin mota biyu babu, saboda haka sai a nemi guda da za ta yi aikin biyu.

Tunanin ba shi da laifi. Sai dai duk motar da ta haɗa jif da akori-kura, sai da aka rage wani abu daga kowanne kafin a haɗa su. Bodinta bai kai na akori-kura tsawo ba, kujerar bayanta ba ta kai ta jif daɗin zama ba, shan manta kuwa ya fi na ƙaramar mota nesa ba kusa ba. Wanda zai sayi tsohuwarta, kafin ya tambayi farashi, ya fara tambayar kansa: a cikin rabin nan biyu, wanne ne zai fi yi mini aiki a shekara? Amsar wannan ita ke raba wanda ya sayi abin sana'a da wanda ya sayo wa kansa ɗawainiya.

Ƙasar da motar za ta taka

Yawancin Jihar Jigawa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai rairayi, amma kusurwarta ta arewa maso yamma daban take. Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce da tuddai da tsakuwa, haka ma sassan Gwiwa. Da ka nufi gabas wajen Babura da Kanya Babba kuwa, sai dutse ya ƙare, yashi ya karɓa. Babban titin da ya taso daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura kwalta ne, kuma manyan garuruwan yankin duk kwalta ta kai musu. Matsalar tana farawa ne daga inda ka sauka daga kwaltar, ka nufi gona ko ruga ko fadama.

Kowace ƙasa da abin da take ci a jikin mota. Dutse da burji suna cin taya da sifirin da robobin ƙafa, kuma suna neman mota mai tsayi daga ƙasa don kada cikinta ya daki dutse. Yashi ba ruwansa da tsayi, ƙarfin ja yake nema: motar da ƙafafunta na baya kaɗai ke juyawa, in ba kaya a bodinta, nan da nan za ta haƙa wa kanta rami ta zauna. A watan Agusta kuma, lokacin da ruwa ya kankama, rafin da ka tsallaka da safe a bushe kan iya tare ka da yamma.

Saboda haka mutumin Roni da mutumin Babura ba lallai mota ɗaya ta dace da su ba. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Kazaure zuwa Kano, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka a kan kwalta, ba ya buƙatar giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari. Kuɗinta zai biya, ya kuma biya man da nauyinta ke ƙarawa, alhali sau ɗaya a shekara ma da wuya ya taɓa ta. Wanda gonarsa ke cikin yashi kuwa, in ya sayi marar ita, ya shirya zama abokin masu shanun huɗa, don su ne za su riƙa jawo shi.

A nan akwai tarko. Ana yin Hilux da Tacoma masu tsayin ƙafa waɗanda in ka gan su daga nesa za ka rantse masu ogzilari ne, alhali ƙafa biyu ke jan su. Rubutun da ke jikin bodi ba shaida ba ne, ana sayar da irinsa a kasuwa. Shaida ita ce a durƙusa a ga farfela ta biyu da ta nufi ƙafafun gaba, sannan a je wuri mai yashi a saka giyar a ga ta kama, a cire a ga ta saki.

Masu shasi da masu jiki ɗaya

Dattawa sun san zamanin da akori-kura ke nufin Peugeot 404, daga baya 504, waɗanda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika ƙasar nan da su. Mutum uku a gaba, kaya da sauran jama'a a baya. Ba wanda ke ɗaukarsu motar gida. Toyota ta fara ƙera Hilux tun 1968, amma samfurin da ya fito wajen 2005 aka ci gaba da yin sa har 2015 shi ne ya sa mutanenmu suka fara kallon akori-kura a matsayin motar manya. An gina shi a kan tushe ɗaya da jif ɗin Fortuner, cikinsa ya yi faɗi, ga na'urar sanyi. Gwamnatoci da jami'an tsaro da 'yan kwangila suka rungume shi. Tun da aka fara aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya ratsa Kazaure, irin waɗannan fararen motoci sun ƙara zama ruwan dare a hanyar.

Motocin da ke kasuwa sun kasu gida biyu. Kashi na farko akori-kura ne na asali da aka ƙara wa kujeru: Hilux, Nissan Navara da 'yar uwarta Frontier, Mitsubishi L200, Ford Ranger, Isuzu D-Max, da Toyota Tacoma da ake yi don kasuwar Amurka. Duk suna da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka ɗora ɗakin fasinja da bodi a kansu daban-daban, kuma akasarinsu sifirin mai falle-falle ne a baya. Suna jure kaya da mugunyar hanya. Farashin wannan juriya shi ne jijjiga: in bodi ba kowa, wanda ke kujerar baya zai ji kowane rami a ƙugunsa, ga majinginar a miƙe. Duk mai niyyar ɗaukar mahaifiya ko mai juna biyu zuwa asibiti a Kano, ya zauna a bayan da kansa a zaga da shi kafin ya biya.

Kashi na biyu jif ne da aka yanke wa baya aka yi masa bodi. Amurkawa ne suka fi yin su, kuma tsofaffinsu na shigowa nan da araha idan aka kwatanta da Hilux. Honda Ridgeline, wadda samfurinta na farko ya fito daga 2006 zuwa 2014, ɗaki da bodi a haɗe suke, injin fetur mai silinda shida da lita 3.5, tafiyarta lumui kamar ƙaramar mota. Tana da akwati mai makulli a ƙarƙashin daɓen bodi, ƙofar bayanta kuma tana buɗewa ta ƙasa da ta gefe. Amma ba ta da ƙaramar giyar nan ta hawan dutse da fita daga kwari, kuma tayar safiya na cikin akwatin, in ta yi faci da kaya sai an sauke kayan tukuna. Ford Explorer Sport Trac, daga 2001 zuwa 2010, bodinta ko mita ɗaya da rabi bai kai ba. Chevrolet Avalanche, daga 2002 zuwa 2013, tana da dabara mai burgewa: ana kwantar da kujerun baya da bangon da ke tsakani, bodi ya miƙe har kusan mita biyu da rabi. Sai dai inji ne mai silinda takwas, kuma an daɗe da daina ƙera ta.

Arahar waɗannan tana da dalili. Kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ita ce asibitin kowace mota a yankin nan. Abin Hilux, daga fitila har giyabos, in ka aika yaro da safe zai dawo da shi kafin la'asar, sabo ko na hannu. Honda ma da sauƙi ta fannin inji, tunda danginsa ɗaya da na jif ɗin Pilot, amma gilashi ko fitilar baya ta Ridgeline na iya sa ka jira a kawo daga Legas. Avalanche kuwa, wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba za ta iya ajiye ta a ƙarƙashin darbejiya wata da watanni. Kafin ka so mota, je ka tambayi bakaniken da zai riƙa taɓa ta a Kazaure ko ya san ta. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, ka sami amsa.

Lissafin buhu

Mutane da yawa na auna ƙarfin mota da girman bodinta, su yi ta lodi har sai wuri ya ƙare. Kamfani kuwa da kilo yake aunawa, kuma adadin na rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Dabul kabin irin Hilux na ɗaukar tsakanin kilo 800 zuwa 1,000, gwargwadon samfuri. Ridgeline kimanin 700. Abin da ake mantawa shi ne wannan adadi ya haɗa da mutanen da ke ciki.

A yi lissafi. Manya biyar sun kai kilo 350. In motar ta kilo 900 ce, saura 550: buhun gero mai kilo 100 guda biyar da rabi ke nan, ko buhun taki mai kilo 50 guda goma sha ɗaya. In direba ne shi kaɗai, buhu takwas. Wanda ke noman riɗi ko gero ko dawa da zai kai buhu hamsin kasuwar Dawanau, wannan mota ba ta raba shi da hayar babbar mota ba. Tsawon bodin kuma mita ɗaya da rabi ne ko ya ɗan ɗara. Babur na shiga ne a karkace, kwanon rufi da rodi sai sun leƙo waje, sa babba kuwa ba wurinsa ba ne.

Inda take da rana shi ne ƙananan kaya masu yawan kai-kawo: injin ban-ruwa da tiyo da jarkokin mai zuwa fadama, kwandunan tumatir, taki da iri, siminti buhu goma, awaki da tumaki 'yan kaɗan, kayan da ba ka so warinsu ko ƙurarsu su shiga inda iyali ke zama. Wanda aikinsa ke nan, ya sami abokiyar tafiya. Wanda lodi ne sana'arsa, mai ƙofa biyu da dogon bodi ta fi masa, kuma ta fi araha.

Sai maganar ɗaukar mutane a bodi, wadda ranar kasuwa da ranar biki ba wanda ke iya ce wa 'yan uwa a'a. Bodi ba shi da bel, ba shi da rufi, motar kuma doguwa ce daga ƙasa, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa in taya ta fashe ko aka kauce wa dabba da gudu. Mai irin wannan mota ya yanke wa kansa hukunci tun ranar farko, don ranar da aka taru a ƙofar gidansa ba lokacin tunani ba ne.

Fetur ko gas

Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, shan mai ya koma sahun gaba a lissafin mai sayen mota. Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wanda shi ya fi yawa a Najeriya, na shan wajen lita 12 a kilomita 100, ya fi haka in da kaya da na'urar sanyi. Zuwa Kano da dawowa daga Kazaure kusan lita 20 ke nan, ban da yawon cikin gari, inda Corolla za ta yi da kaɗan fiye da rabin haka. Masu silinda shida da takwas sun fi haka zari. Ka ninka wannan da yawan tafiyarka a wata, ka ga ko aljihunka zai ɗauka ba tare da an taɓa cefane ba.

Injin gas ya fi tsimi, ya kuma fi ƙarfin ja in an yi lodi. Amma iri biyu ne. Tsohon samfuri, kamar 5L na Toyota mai lita 3.0 marar tabo, ba shi da gudu, sai dai haƙuri, kuma kanikawa sun san shi ciki da bai. Sababbin, irin 2KD da 1KD da waɗanda suka biyo bayansu, kwamfuta ke sarrafa su, suna fesa mai da matsanancin ƙarfi ta nozul masu ƙananan ƙofofi. Gas mai ruwa ko datti ko gaurayen kananzir shi ne ajalinsu, kuma kuɗin nozul huɗu da famfo ya isa ya sayi babur ya bar canji. Wanda ya san a ƙauye zai riƙa shan mai daga jarkar 'yan bumburutu, ya tsaya a fetur. Injin 2.7 ba shi da tabo, sarƙa ke juya taiminsa ba bel ba, kuma yana yafe abin da injin gas na zamani ba zai yafe ba. Su 2KD da 1KD da injin Ridgeline bel ne da su, in ya tsinke yana tafiya da inji. In mai sayarwa ba shi da shaidar ranar da aka canza shi, ka saka kuɗin sabo a cikin cinikin.

Daga ina ta fito

Tsohuwar mota ta kan zo ta ɗaya daga hanyoyi uku, kowace da cutar da ta fi kama ta. Ta farko ita ce 'yar Beljiyam, wadda ba a taɓa hawa a Najeriya ba. Tacoma da Frontier da Ridgeline galibi daga Amurka suke, da yawansu kuma daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. A jihohin da ake ƙanƙara ana zuba gishiri a titi, gishirin kuwa na cin shasi daga ciki. Abin ya kai ga a 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasi, wanda ya shafi Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Frontier mai giya otomatik ta waɗannan shekaru kuma an san ta da lagireton da ke fashewa daga ciki, ruwa ya gauraya da man giya. Alherin motar Amurka shi ne lambar shasinta mai harufa da lambobi 17: da ita, a biya ɗan kuɗi a intanet, za a ga tarihinta, wani lokaci har da hotunan ranar gwanjo. A kuma tuna agogonta mil yake ƙirgawa, mil 150,000 wajen kilomita 240,000 ne.

Ta biyu ita ce wadda ta fito daga ma'aikata ko kamfani ko ƙungiyar agaji. Wasu an kula da su a kan lokaci har da littafin sabis, su ne gwal in an dace. Wasu kuwa direba goma ne suka yi ta sukuwa a kansu cikin ayarin manya ko a filin aiki, ba mai tausayinsu. Ta uku ita ce ta hannu, wadda ta zaga gidaje. A cikin irinta ne ake samun kwaskwarima: a ɗauki Hilux ta 2007 a canza mata fitilu da bamba da gaba, a fesa fenti, a kira ta 2014. Shekarar gaskiya na nan a 'yar takardar da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, da kuma farantin da ke jikin ƙofa ko cikin bonet. Akwai kuma waɗanda aka shigo da su da sitiyari a dama aka juya shi hagu. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma juyin da aka yi da walda a sitiyari da birki ba abin da za a ɗora rai a kai ba ne. In maɗaurin waifa ya kwanta ta ɓangaren da bai dace ba, ko aka ga toshin ramuka a bangon inji ta dama, a bar ta.

Ranar dubawa

Ka je da sassafe, da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka gargaɗe su kada a tayar da motar kafin ku iso. Ka ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi an riga ka. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwo: ƙarar ƙarfe a daƙiƙun farko, shuɗin hayaƙi mai nuna yana cin baƙin mai, farin hayaƙin da ba ya yankewa mai nuna ruwa na shiga silinda. Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi: fitilun gargaɗi na inji da birki da jakar iska duk su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi.

Dillali dai aikinsa yabo. Za ka ji ya ce, "Alhaji, wannan ai ko buhu ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba. Wani babban mutum ne ke zuwa ofis da ita a Abuja."

Bakanike na gari ba ya musu. Zai shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, can sai ka ji, "Maigida, ɗan sunkuyo ka gani."

Abin da zai nuna maka shi ne sifirin baya. Na lafiya a lanƙwashe yake kamar baka, wanda ya sha lodi ya miƙe ko ma ya juya. Zai ƙirga fallayen, ya nuna wanda launinsa ya bambanta, wato ƙari aka yi don ta ɗauki fiye da ƙima. Sama da aksul akwai wani dunƙulen roba, in ya murje, wurin da yake dukan ƙarfe kuma ya yi sheƙi, motar ta daɗe tana tafiya a durƙushe. Daga nan zai bi shasi yana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji buf, tsatsa na zubowa. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota tambaya ce da ke neman amsa. Tabon walda a tsakiyar shasi, musamman daidai inda ɗaki ya ƙare bodi ya fara, ya isa a nannaɗe kwali a tafi.

Kai kuma ka koma baya ka tsuguna ka hango ta. Tazarar da ke tsakanin ɗaki da bodi ta zama daidai sama da ƙasa, hagu da dama. Ka sa a ɗaga robar da aka shimfiɗa a bodi, don taki da fitsarin dabbobi a ƙarƙashinta suke ɓarna. A cikin ɗaki ka ɗaga kafet, ka duba ƙarafan da kujeru ke gudu a kai: tsatsa da busasshiyar laka a nan alamar ambaliya ce. Agogon tafiya ana mayar da shi baya, amma sulɓin sitiyari da cinyewar robar birki da lotsawar kujerar direba ba sa ƙarya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai zane da ta haura shekara shida ba ta zafin watan Afrilu ba ce. A leƙa ko an cire abin da ke daidaita zafin inji an haɗa fanka kai tsaye, don sau da yawa ana yin haka ne a rufe matsalar zafi. Sai a jona kwamfutar duba mota, sannan a fita da ita: kwalta da gudu, burji, hawa, da yashi.

Takarda kafin makulli

Hanyar Kano zuwa Daura hanyar iyaka ce, jami'an kwastan ba sa rabuwa da ita, kuma dabul kabin na cikin motocin da suka fi tsayarwa. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Don haka motar da aka ce maka ta ɓullo ta Nijar da araha, "takardu a hanya suke", ka san abin da kake saye. Ka karɓi takardar duti ka kai ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa a tantance, kada ka tsaya ga kwafin da aka miƙo maka. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi, da ta faranti, da ta takarda, su zama ɗaya harafi da harafi, kuma wurin da aka buga ta kada ya nuna alamar guga ko walda. Hilux na cikin motocin da ɓarayi suka fi so, saboda saurin shigarta kasuwa.

In ta hannu ce, ka ga mai ita ido da ido, sunan da ke takarda ya dace da katin shaidarsa. In ta gwanjo ce, a nuna takardar gwanjon da rasiɗin biya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a ambaci duk aibin da aka sani, kamar yadda shari'a ta ɗora wa mai sayarwa, a kuma faɗi la'adar dillali tun kafin a shiga ciniki. Kuɗi ta banki, zuwa asusun mai sunan. Bayan nan a yi canjin mallaka da inshora ba tare da jinkiri ba.

Wa ta dace da shi

Manomin rani ko ɗan kwangila ko mai kiwo da ke sauka daga kwalta kusan kullum, da kaya matsakaita da ma'aikata uku ko huɗu, mai shasi ce tasa, ta fetur, mai giyar hannu, da ogzilari in ƙasarsa yashi ce ko kwari. Zai biya da tsada, amma ranar da ya tashi sayarwa ba zai nemi mai saye ba. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da rayuwarsa ke kan titi, iyali ne yawancin kayansa, gona kuwa sai ƙarshen mako, Ridgeline mai lafiya za ta fi yi masa daɗi, muddin ya yarda da jiran kayan gyara wani lokaci. Wanda kuwa in ya ƙirga da gaskiya, kwanakin da yake buƙatar bodi a shekara ba su wuce na kaka da jajibirin Babbar Sallah ba, ƙaramar mota da kuɗin haya a aljihu sun fi masa, ko da ba za a riƙa ɗaga masa hannu a hanya ba.

Kowanne ka zaɓa, kada ka zuba duk abin da ka tara a farashi. Tsohuwar dabul kabin na zuwa da buƙatunta a watan farko: tayoyi huɗu manya, batir, mai da filtoci, robobin ƙafa, wataƙila bel. Gara ka sayi ta 2008 mai lafiyayyen shasi da sahihan takardu ka rage na gyara, da ka ƙure kanka a kan mai sabuwar fuska ka rasa na zuba mata mai. Yadda za a tsara wannan kuɗin gyara, da abin da ya kamata a fara canzawa kafin motar ta yi tafiyarta ta farko mai nisa, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.